Ranar da Baba Ya Yi Mini Fassarar Sifaniyanci

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da wannan yake nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ko dai ya ce "ke yarinya" yana kallon wani wuri, ko ya dubi ƙanwata ya ce, "Gaya wa waccan ta kawo buta," alhali ga ni tsaye a gabansa. An sha gaya mini ba ƙi ba ne, kunya ce. To, na ji, kunya ce. Ni dai abin yana ƙona mini rai tun ina 'yar mitsitsiya.

Shekara ashirin da wani abu Baba ya yi yana aiki a gidan silima. Shi ne mai harba fim daga ɗan ɗakin nan na sama: na Indiya, na Masar, na kaboyi, na 'yan Sin masu tsalle-tsalle. Ko kalma ɗaya ba ya ji a harsunan nan, Turancinsa ma bai wuce gaisuwa ba. Amma da safe, bayan an sha koko, sai ya baje tabarma a tsakar gida ya zayyana wa ƙannena fim ɗin jiya tiryan-tiryan, har da canza murya. Ni kuwa ina bakin madafa ina wanke-wanke, kwano ɗaya sai in wanke shi sau uku don kada in tashi. In na kuskura na matso, sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, saura sai gobe." Wata rana na sa Inna ta tambayar mini yadda yake gane abin da suke faɗa. Ya ce shi ba ya bin bakinsu, idonsu da hannunsu yake kallo.

Bayan ya je Hajji ya bar silima. Ni kuma aure ya kawo ni Landan. Maigidana ya zo karatu, karatu ya ƙare, muka zauna. Muna wani council flat, gidan haya na hukuma, mai ɗaki biyu a hawa na huɗu a Tottenham, ina buga tafireta a wani ofis a Aldwych. Shekara goma sha ɗaya sau biyu na ga Baba, kuma duk sau biyun daga bakin ƙofa na durƙusa na gaishe shi.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka rubuto mini cewa cikinsa yana kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Na yi ta kai-komo har aka samo masa biza, ya sauka a cikin wata babbar riga da ta yi masa yawa, da 'yar jakarsa ɗaya.

Aka yi ta gwaje-gwaje. Ranar da sakamako ya fito, ni ce tafinta. Likitan wani dogon Bature ne mai sanyin magana. Ya maƙala hoton cikin Baba a jikin fitila, ya dube shi, ya koma ya zauna, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya ce ciwon daji ne, ya riga ya cinye hanta, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce abin makonni ne, ba watanni ba. Sannan ya ce in tsohon yana son komawa gida, to yanzu ne, tun yana iya zama a kujerar jirgi, shi zai rubuta takardar da masu jirgi suke nema. Ya ce in ba a yi sauri ba, akwai ranar da ba zai iya sa hannu a takardar ba.

Baba yana kallon bango ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce da sauƙi, Baba. Za a ba ka magani ka yi ƙarfi, sannan a yi aiki."

Ya ce, "Madalla." Ya miƙa wa likitan hannu biyu suka gaisa.

Washegari na kira Baffa, ƙanen Baba. A lokacin sai ka kira shagon wani mai waya a unguwarmu ta Kano, a aika a kira shi, ka sake bugawa bayan rabin awa. Da na gaya masa, sai ya ɗaga murya kamar ina nan kusa ya kai mini duka. "Kada ki kuskura ki gaya masa! Likita ne ya halicce shi? Mu ba a ce wa mara lafiya zai mutu. Ki ci gaba da cewa da sauƙi." Na ce to, Baffa. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, don ya ba ni inda zan fake.

Maigidana bai yarda ba. Ya same ni a kicin ya ce, "Ki gaya masa, ko ki bari ni in gaya masa. Mutumin nan yana da haƙƙin ya mutu a ɗakinsa." Na ajiye ludayi na ce, "Ubanka ne?" Ya dube ni, ya fita. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kunya ta rufe ni, ga shi kuma shi ne mai gaskiya.

Bari in faɗi abin da ban gaya wa Baffa ba, ban kuma gaya wa maigidana ba. Ba don Baba na yi shiru ba, don kaina ne. Flat mai ɗaki biyu ba shi da soro, ba shi da zaure, ba shi da bayan ɗaki. Kunya ba ta da inda za ta ɓuya. Baba yana cin tuwon da na tuƙa a gabana. Ni nake yanke masa farce, ni nake ɗumama masa ruwan alwala, in riƙe masa gwiwar hannu har bayi. In na gyara masa bargo ya ce, "Sannu, ke yarinya," sai in ji kamar an ba ni kyautar gida. Ina da shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya uku, sai a lokacin na samu uba. Shi kuma tun da na ce za a yi aiki, ya ce ba inda za shi sai an yi. Ƙaryata ita ta ɗaure shi a Landan, na kuwa san haka sarai.

Na ɗauki hutu a ofis. Don kada zaman ya ishe shi, nakan aro masa kaset ɗin bidiyo a wani shago da ke babban titi, mu kalla bayan azahar. Ba ya cewa komai, sai dai wani lokaci ya yi tsaki ya ce wanda ya haɗa wannan fim bai iya yanka ba.

Akwai maƙwabciyata, wata 'yar Kolombiya, gajeriya mai yawan dariya. Tana sharar ofisoshi a Aldwych, mun sha haɗuwa a bas. Ta ji tsohon yana son fim, sai ga ta wata Asabar da kaset a hannu, wanda 'yar'uwarta ta naɗo mata daga gida. Da ɗan guntun Turancinta ta ce na Papa ne, yana da kyau ƙwarai, ta sha kuka. Baiwar Allah ba ta san halin da muke ciki ba. Ni ma da wautata ban tambaye ta labarin mene ne ba.

Ana yayyafi ranar. Maigidana ya kai yara makarantar allo a masallaci. Baba yana kan doguwar kujera kusa da hita, da hularsa da bargo a gwiwa. Na tura kaset. Sifaniyanci ne zalla, babu rubutun fassara a ƙasa ko layi ɗaya.

Minti goma ba a yi ba na gane inda labarin ya dosa. Wani tsoho ne mai farin gashin baki a kan gado kusa da taga, a wani gida mai bishiyar lemo a tsakarsa. Yana tari. Ga 'yarsa, mace kamar sa'ata. Likita ya zo da jakarsa, ya danna cikin tsohon, ya fita. 'Yar ta bi shi har bakin ƙofa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta zagaya bayan gida ta toshe baki ta yi kuka, ta wanke fuska a bakin famfo, ta koma ɗaki tana murmushi.

Na yi zumbur na miƙe. "Baba, wannan kaset ɗin ba shi da kyau, hoton yana rawa. Bari in canza."

Ya ce, "Hoton lafiyarsa lau. Zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Kin iya yarensu?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To ni zan gaya miki."

Kai! Abin da na yi ƙuruciyata duka ina nema daga bakin madafa, ga shi an kawo mini har gida, ni kaɗai, ba ƙanwa ba ƙane. Ya gyara zama, ya maƙale murya ya mai da ita ta mace, kamar yadda yake yi a tsakar gidanmu. "Ta ce masa, Baba, likita ya ce da sauƙi." Ya koma muryarsa. "Dubi hannunta. Matashin kai ɗin nan ba abin da ya same shi, amma sau uku ke nan tana gyara shi."

Na ce, "Tsohon ya gane ne?"

Ya ce, "Tun kafin likitan ya buɗe baki. Ba ki ga ya cire tabarau ya ajiye ba?"

Likitan cikin fim ɗin ba shi da tabarau. Na kalle shi da kyau lokacin da ya shigo, na kalle shi lokacin da ya fita.

Fim ya ci gaba, Baba yana bi. Ɗan tsohon ya zo daga birni da kwat, Baba ya ce wannan ɗan iska ne, gado ya zo dubawa. Wata tsohuwa ta kawo miya a kwano, ya ce wannan ta so shi tun suna yara, ba a ba ta ba. Har dariya na yi, Allah ya sani. Can sai aka zo inda kowa ya fita, ya rage tsohon da 'yarsa. Ya kamo hannunta ya yi ta magana, doguwa, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi.

Baba ya bari sai da ya yi nisa, sannan ya fara. Bai canza murya ba a wannan karon.

"Ya ce mata, ke yarinya, ban riƙe ki da komai ba, na san abin da ya sa. Ya ce yana da farin yadi a cikin adaka, a ƙarƙashin gadonsa na gida. Tun shekarar da ya yi doguwar tafiya ya saye shi, ya wanke shi da ruwan can, ya shanya a ranar can. Ya ce ba ya so a naɗe shi da yadin da bai san shi ba. Ya ce ta kai shi gida tun ƙafarsa tana iya taka matakala."

Tsohon cikin fim yana gidansa tun farkon fim, ba inda ya je. Yadin kuwa na san shi. Ina nan Baba ya dawo daga Hajji ya fito da shi daga jaka, ya gaya wa Inna da zamzam ya wanke shi, ya ninke ya sa a adaka da ƙwayoyin kafur. Ko ƙannena ba a bari su taɓa adakar.

A cikin talabijin 'yar ta sunkuyar da kai ta faɗi wata 'yar gajeriyar magana.

Baba ya ce, "Wannan ban ji ta sosai ba. Ke me kika ji ta ce?"

Ya juyo ya dube ni. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Idon ya yi rawaya, ya faɗa ciki, amma ba tsoro a cikinsa ko kaɗan. Jira kawai yake yi. Ya share mini hanya tas, bai sa na ce na yi ƙarya ba, bai sa na ambaci mutuwa ba. Abin da ya rage mini in ce, ta ce to.

Na ce, "Ina jin cewa ta yi ya bari ya ƙara ƙarfi tukuna."

Ya mai da fuskarsa ga talabijin ya ce, "To. Haka ta ce."

Bai ƙara fassara ko kalma ɗaya ba. Muka zauna har tsohon ya mutu, aka sa masa baƙar kwat, mata suka yi ta kuka a gindin lemo, rubutu ya hau. Ya ce in ɗumama masa ruwa, la'asar ta yi.

Ran Litinin ya ce in ba shi rikoda. Dama duk mako yakan naɗi saƙo a kaset a kai wa Baffa, tunda rubutun boko bai dame shi ba. A da a gabana yake yi, gaisuwa ce da "ina samun sauƙi, a ci gaba da addu'a." Ranar sai ya ce in ja masa ƙofa. Da ya gama na sa kaset ɗin a ambulan, na hau bas har Aldwych, na damƙa wa wani ɗalibi ɗan garinmu da zai tafi gida a makon. Ni da hannuna na kai.

Kada a ce ban yi komai ba, na yi, kuma abin da na yi ya fi rashin yi muni. Kwana uku ina juyi, sannan na je wurin mai sayar da tikiti. Ya duba ya ce akwai kujera biyu ran Alhamis mai zuwa. Na ce ta bayanta fa? Ya ce akwai, amma sai bayan mako biyu. Na ce ita nake so. Na kama mana kujerun, na fito ina gaya wa kaina ai na cika masa burinsa, kwana goma sha huɗu kawai na ɗiba. Na ma tsara yadda zan ce masa likita ya ce ya je gida ya huta kafin aiki. Ƙarya a kan ƙarya, ko gajiya ban yi ba.

Alhamis ɗin farko ta zo ta wuce, Baba yana iya takawa har bakin lif, na'urar da ke sauke mu daga bene. Da safiyar Talatar da ta biyo baya na ji faɗuwarsa a bayi. Aka kira motar asibiti. Da yamma na tare dogon likitan nan a baranda na ce ya rubuta mana takardar jirgi, ga tikiti. Ya dubi ranar da ke jiki, ya dube ni, ya ce ya yi haƙuri, ba zai iya ba yanzu. Na yi masa masifa. Na ce ku Turawa ba ku da tausayi, mutum yana son garinsu kun hana. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, bai tuna mini abin da ya gaya mini tun farko ba. Da ma ya tuna mini, da na fi jin daɗi.

Kwana huɗu Baba ya yi a asibiti. A na uku ya farfaɗo da hantsi, ni kaɗai ce a wurin. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Baba, ka yafe mini. Likitan ba haka ya ce ba."

Ya motsa yatsu a kan bargo. Da ƙyar na ji shi. Ya ce, "Ai tsohon cikin fim ɗin ya riga ya faɗa miki."

Washegari kafin azahar ya cika.

Mutanen masallaci suka yi masa wanka, Allah ya saka musu. Maigidana ne ya gaya mini sauran, don na matsa masa. Likkafanin daga ma'ajiyar masallaci aka ɗauko, sabo a cikin leda. Aka sa shi a akwati, tunda haka dokar maƙabartar take, aka kai shi can bayan gari inda aka ware wa Musulmi. Ƙasar jiƙe take, tana manne wa shebur. Mutum goma sha wani abu ne a kansa, yawancinsu ba su taɓa jin muryarsa ba.

Da na mayar wa maƙwabciyata kaset ɗinta, ta rungume ni tana kuka tana ba ni haƙuri. Na tambaye ta abin da tsohon ya gaya wa 'yarsa a doguwar maganar nan. Ta ce yana koya mata yadda za ta riƙa sassabe bishiyar lemon ne, da lokacin da ake ba ta ruwa. Na ce 'yar fa, me ta ce? Ta ce cewa ta yi, to, Papa.

Kwana shida da binne shi aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa mai gida a nan Landan, ban san shi ba. Ya ce an ba shi saƙo a Kano tun kwana goma da suka wuce, harka ta tsayar da shi a Legas, a yi masa afuwa, yaya jikin tsohon? Na gaya masa. Ya yi salati, ya ajiye ƙunshin a kan kujerar da Baba yake zama, ya yi addu'a ya tafi.

Tun kafin in kwance igiyar na ji ƙanshin kafur. Akwai 'yar takarda a sama, rubutun Baffa, da manyan baƙaƙensa masu karkacewa. Bayan gaisuwa ya ce ga abin da Yaya ya ce a ciro masa daga adaka a aiko da gaggawa. Ya ce Yaya ya faɗa a kaset cewa yarinyar ba ta shirya rabuwa ba, kada wanda ya matsa mata, kada wanda ya yi mata faɗa, shi zai zauna a wurinta, a dai aiko masa da kayansa.

Na zauna a ƙasa da yadin a cinyata har yara suka dawo daga makaranta. Babbar ta tsaya a kaina ta tambaye ni da Turanci ko labule ne na sayo.

Mun bar Tottenham da daɗewa, muna Barking yanzu. Yadin yana saman kwabet ɗina, a ninke yadda Baba ya ninke shi, ban taɓa warware shi ba. Na kira babbar 'yata da sunanta, na zaunar da ita, na nuna mata inda yake. Na ce ranar da likita ya gaya mata wani abu a kaina, ta juyo ta faɗa mini yadda ya faɗa, in kuma na ce ta kai ni gida, ta kai ni a jirgin farko, ko da tana kuka. Ta ce ai ba za ta taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce ni ma haka na zata.